Yadda Za Ka Kare Motar da Aka Goge Ƙarfenta Ba Fenti Daga Tsatsa

A cikin masu sake ƙera tsofaffin motoci, musamman a Amurka inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi, akwai waɗanda ke kankare fentin mota kakaf, su goge ƙarfen har ya riƙa ɗaukar ido, su bar shi a haka. Dalilinsu mai kyau ne. Fenti da fila, wato cikon da ake shafawa a inda bodi ya lotsa, suna rufa wa mugun aiki asiri, amma ƙarfen da aka bari tsirara ba ya ɓoye komai: kowane bugun guduma, kowane layin walda, duk a fili suke. Mai gyaran bodin da ya isa ya bar aikinsa haka, ya san hannunsa.

Sai dai wanda zai shiga wannan harka ya sani tun farko cewa sheƙi da kariya ba sa ga maciji da juna. Duk abin da ke ƙara wa ƙarfe santsi da ƙyalli yana rage wa rufi wurin kamawa, kuma duk rufin da ya yi kaurin da zai daɗe yana ɗan dushe ƙyallin. Babu wani ruwan gwangwani da za ka shafa sau ɗaya ka huta har abada. Abin da ake iya yi shi ne a zaɓi hanyar da ta dace da inda motar ke kwana da yadda ake hawanta, sannan a tsare ta da kulawa.

Abin da ke cin ƙarfen

Tsatsa tana bukatar abu uku: ƙarfe, iskar oksijin, da ruwa. Ba sai an yi ruwan sama ba. Da zarar danshin iska ya haura kusan kashi 60 cikin ɗari, wani siririn ruwa da ido ba ya gani yakan kwanta a kan ƙarfe, kuma ya isa ya fara aiki. Gishiri yana ƙara masa sauri sosai, shi ya sa motocin garuruwan bakin teku da na ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suka fi ruɓewa. Gumin hannunka ma gishiri ne. Ka dafa gogaggen ƙarfe da yamma a lokacin damina, da safe za ka iya tarar da hoton yatsunka ja-ja a wurin.

Wani abin da ke sa lamarin ya yi tsanani shi ne tsatsar baƙin ƙarfe ba ta tsayawa. Tana da huhu-huhu, tana riƙe ruwa, tana ɓarewa ta buɗe sabon wuri. Jikin mota kuwa kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba. Ba ka da ƙarfen da za ka yi ta gogewa kowace shekara.

Mataki na farko: san irin ƙarfen da ke hannunka

Ka ɗauko maganaɗisu ka zagaye motar. Inda ya kama da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne. Inda ya kama sama-sama a jikin da ya kamata ya kama, akwai fila mai kauri a ƙasa, kuma gara ka san haka tun kafin ka fara, domin fila ba ta da wurin ɓuya a motar da ba fenti. Dole a buga wurin ya daidaita da guduma, ko a yanke a sa sabon ƙarfe. Inda bai kama ba sam, yawanci alminiyam ne ko roba.

Alminiyam ba ya jar tsatsa. Yana yin wata siririyar fata da kansa wadda ke kare shi, sai dai ya dushe ya yi fari-fari, wani lokaci ya yi ƙananan ramuka. Tsofaffin Land Rover jikinsu na alminiyam ne a kan ƙashin baƙin ƙarfe, kuma inda biyun suka haɗu nan ne ɓarna ke farawa, saboda ƙarfe biyu daban-daban in suka haɗu da ruwa, ɗaya yakan ci ɗaya.

Sai ƙarfen sitenles, wanda ke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Da shi aka lulluɓe motar DeLorean da aka ƙera a Dunmurry kusa da Belfas a Ireland ta Arewa tun daga 1981, da kuma Cybertruck ta kamfanin Tesla da aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen 2023. Akwai darasi a DeLorean: fatar waje ba ta tsatsa, amma ƙashin da ke ƙasa na baƙin ƙarfe ne, kuma masu ita sun san can ne ake fara dubawa kafin a saya.

Yawancin wannan jagora a kan baƙin ƙarfe yake, domin shi ne mai wahala, shi ne kuma jikin tsofaffin motocin da mutum zai yi sha'awar gogewa, irin su Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ko Bitil ta kamfanin Volkswagen. Game da motocin baya-bayan nan, ga shawarata: ka ƙyale su. Tun tsakiyar shekarun 1970 Porsche ta fara lulluɓe jikin motarta da tutiya, Audi ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1980, yau kuwa yawancin kamfanoni haka suke yi. Wannan tutiyar siririya ce ƙwarai, samfefa na cinye ta nan da nan, kuma in ta tafi ka jefar da kariya mafi kyau da motar ke da ita.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci da wuri

Wanda ke Kano ko Katsina ko Damagaram yana da wata dama da mai aiki a Ingila ko Legas ba shi da ita. Daga hunturu zuwa farkon bazara danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, ƙarfe tsirara zai iya kwanaki a rufaffen ɗaki bai canja launi ba. A watan Agusta kuwa danshi yakan haura kashi 70, sai ka goge ƙofa da safe ta fara yin launin rawaya kafin magariba. Don haka a yi kankara da guga da rani. Matsalar hunturu ita ce ƙura, wadda ke ɓata feshi, tana kuma karce gogaggen wuri. Kana bukatar ɗaki mai ƙofa da daɓen siminti. Kada a yi wannan aiki a gindin bishiya.

Ka sayi ɗan agogon auna danshi ka rataye a bango, ba shi da tsada. Ƙa'idar masu fentin ƙarfe ita ce kada a yi feshi in danshi ya haura kashi 85, kuma zafin ƙarfen ya ɗara matakin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. A aikace, ka guji sassafe lokacin da ƙarfe ke da sanyin dare.

Mataki na uku: cire fenti, ɓangare-ɓangare

Kada ka tuɓe motar gaba ɗaya a rana guda. Ka kwance ƙofofi da bonet da murfin but da gilasai da robobi, ka ɗauki ɓangare ɗaya ka gama da shi ka rufe shi, sannan ka koma na gaba.

Maganin cire fenti na shafawa ya fi tausaya wa ƙarfe domin ba ya karce shi, amma ka rufe bakin haɗe-haɗe da salatif kada ya shige ciki, ka kuma yi aikin inda iska ke wucewa. Masu ɗauke da sinadarin metilin kulorayid suna da haɗari ƙwarai a rufaffen wuri, har Amurka ta hana sayar da su ga jama'a a 2019. In da inji za ka cire, yi amfani da faifan nailan mai kama da soso, kada ka sa dutsen gurza ƙarfe, domin ramin da zai yi ba ya goguwa. Feshin yashi kuwa ka nisance shi a kan faffaɗan wuri kamar rufi da bonet: yana lanƙwasa su, yana barin fuska mai kaushi, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. Tsofaffin fenti da cikon da ake yi a haɗin bodi a da suna iya ƙunsar dalma, saboda haka takunkumi mai kyau wajibi ne, kuma kada yara su shigo wurin.

Daga lokacin da ƙarfe ya bayyana, ba a sake taɓa shi da hannu tsirara. Safar hannu ta roba, mai tsabta, a kowane lokaci, har ga yaron shago da mai zuwa kallo.

Mataki na huɗu: ciki kafin waje

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa saboda ba wanda ke ganinsa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Mota ba ta cika ruɓewa daga fuskar da ake gogewa kullum ba. Tana ruɓewa ne daga gindin ƙofa inda ruwa ke taruwa, daga cikin kwarmin da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga bakin madigadi inda laka ke maƙalewa, daga kewayen gilashi, da duk inda aka naɗe ƙarfe biyu aka ɗinke da walda. Tsatsar da ta fara a can tana rarrafowa ta gefe ta shiga ƙarƙashin duk abin da ka shafa a waje.

Don haka duk inda ido ba ya gani a yi masa cikakken fenti. A kankare tsohuwar tsatsa, a bi da ruwan asid na fosforik wanda ke mayar da ragowarta baƙin abu mai tauri, a fesa shimfiɗar efoksi, wato fentin ƙasa mai kama ƙarfe, sau biyu, a toshe haɗe-haɗe da mannin da aka yi don haka. Bayan an gama duk wani feshi na motar, a tura kakin ruwa cikin ƙofofi da kwarmi da dogon bututu, irin su Waxoyl ko Dinitrol, ko Fluid Film wanda ake yi da man gashin tumaki. Ka tabbatar ƙananan hujojin da ke gindin ƙofa a buɗe suke, don ta nan ruwa ke fita.

Lura da abu ɗaya: asid ɗin fosforik yana mayar da ƙarfe toka-toka. Kada ya taɓa fuskar da kake son ta yi ƙyalli, in kuma ya zama dole saboda ramukan tsatsa, a sa shi kafin guga, a goge launin daga baya.

Mataki na biyar: guga, da shawarar da za ka yanke kafin ka fara

Tun ran gini ran zane. Kafin ka ɗauki samfefa ka san irin rufin da za ka sa, domin shi zai gaya maka inda za ka tsaya.

In kiliya za ka fesa, wato fentin nan garai-garai da ake gani ta cikinsa, to ka tsaya a samfefa mai lamba 320 zuwa 400, ka ja layukan duka su fuskanci wuri ɗaya daga gaba zuwa baya. Wannan yana ba da sheƙi mai laushi irin na DeLorean, kuma ƙananan karcen su ne abin da fenti ke riƙewa. In kuwa kana son madubi sosai, sai ka bi lambobi a jere: 180, 320, 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000, ba tsallake, kowace lamba sai ta share karcen wadda ta gabace ta. Bayan nan sai faifan yadi da sabulun guga, baƙi da farko, fari ko kore a ƙarshe. A kan irin wannan fuska kiliya ba ta da wurin kamawa sosai, mai da kaki ne suka fi dacewa.

A yi gugar a bushe. In dole sai an jiƙa samfefa a manyan lambobi, a jiƙa da mai mara kauri, ba da ruwa ba. Ka riƙa taɓa bayan ƙarfen: in ya yi zafin da ba ka iya ajiye hannu, matsa gaba ka bar shi ya huce, don zafi yana sa faffaɗan wuri ya kumbura ya riƙa ƙara kamar gwangwani in an danna. Kuma kowane ƙarfe da kayan gugarsa. Faifai ko soson ƙarfen da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya hau alminiyam ko sitenles, domin yana dasa musu ƙananan ɓarɓashi waɗanda za su fito ja-ja bayan ruwan farko.

Mataki na shida: tsabtacewa

Sabulun guga kitse ne da kaki, yana shiga cikin karce ya ɓuya. In ya rage, ba abin da zai kama. A wanke da ruwan cire maiƙo na masu fenti, a bi da asiton ko barasar goge-goge. Da tsumma biyu ake yi: ɗaya jiƙaƙƙe yana narkar da dauɗa, ɗaya busasshe yana kwashewa kafin ruwan ya bushe. Ka riƙa juya tsumman kana canjawa har sai farin tsumma ya fito fari. Kada a yi amfani da fetur, yana barin maiƙo. In da iskar kwamfuresa za ka busa haɗe-haɗe, ka tsiyaye ruwan tankin tukuna, ka sa matatar ruwa a bututu, in ba haka ba ruwa da mai za ka fesa wa aikinka.

Daga nan zuwa rufi kada a kwana. A rufe a ranar, cikin awa ɗaya ko biyu in da hali.

Mataki na bakwai: rufin kansa

Hanya ta farko ita ce mai. Ita ce ke barin ƙarfe da kamanninsa na asali, kuma ita masu baje kolin motoci suka fi so. A Amurka an san wani man feshi mai suna Gibbs da wannan aiki. WD-40 ma asalinsa ke nan: a 1953 aka haɗa shi a San Diego, aka yi amfani da shi wajen kare fatar makamin roka na Atlas daga ci. Amma siriri ne, yana tashi da wuri, bai wuce ya riƙe maka ƙarfe na 'yan kwanaki tsakanin matakan aiki ba. Ana fesa mai a tsumma, a shafa, a bar shi ya ɗan zauna, a goge rarar har ya zama ba ya naso. Mai in aka bar shi da yawa a jiki ƙura yake tarawa, kuma a ƙasar hunturu ƙura da mai in sun haɗu sun zama samfefa. Dafaffen man linsid da Penetrol, mayukan da ake haɗawa a fenti, suna bushewa su yi siririyar fata, sun fi daɗewa, sai dai suna sa ƙarfe ya yi ɗan rawaya, su yi danƙo in an cika. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kamawa da wuta da kansa in aka dunƙule shi aka jefar. A baza shi a waje ya bushe ko a nutsar da shi a ruwa. Baƙin man inji da aka juye kada ya zo kusa, akwai asid da dauɗa a cikinsa.

Ka san kuma farashin wannan hanya: man da ya shiga haɗe-haɗe yana da wuyar fita, in wata rana ka so yin fenti sai an sha wahalar wanki. Duk abin da ke ɗauke da silikon kuwa kada ya shigo shagon ma, don yana sa fenti ya riƙa yin ido-ido.

Hanya ta biyu ita ce kaki, kuma ga fuskar madubi ita na fi so. Kaki ba ya riƙe ƙura kamar mai, ba ya ɓata tufafi. Mafi dacewa shi ne irin wanda gidajen tarihi ke sa wa takubba da sulke, kamar Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Kakin mota mai tauri na itacen karnuba ma yana yi, in dai ba mai haɗe da ruwa ko garin guga ba ne. A shafa siriri a ɗan wuri, a goge nan take, a maimaita sau uku da tazarar awoyi. Rauninsa shi ne rana. Ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilu yana yin zafin da ke tausasa kaki, sai kariyar ta yi saurin ƙarewa.

Hanya ta uku ita ce kiliya, kuma nan aka fi yin asara. Kiliyar da ake fesawa a kan fentin mota ba a yi ta don ta kama ƙarfe kai tsaye ba, ba ta kuma da sinadarin hana tsatsa. Za ta yi kyau na 'yan watanni, sannan ta fara ɗagowa daga gefe. Dole ka nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa ana sa ta kai tsaye a kan ƙarfe, irin su Glisten PC na POR-15, ko DiamondFinish na KBS, ko Diamond Clear na Eastwood. A bi takardar kamfanin wajen awon haɗi da tazarar shafe. Yawanci ana fara da shafe siriri don ya kama, a bi da biyu ko uku cikakku. A zagaya da feshin har bayan kowane gefe ya hau kan efoksin da ke ciki, a shiga cikin kowace hujar ƙusa, domin a kaifin gefe fenti ya fi siranta, nan kuma ruwa ke samun ƙofa. Duk hujar da za a huda a huda ta kafin feshi.

Kiliya mai haɗi biyu tana ɗauke da sinadarin aisosayanet wanda ke jawo asma mai tsanani, wani lokaci ta dindindin. Takunkumin yadi ko na takarda ba ya tare shi. Abin da ya dace shi ne takunkumi mai kawo iska daga waje. Ina ganin masu fenti da yawa suna feshi da ƙyalle ɗaure a hanci, abin yana damuna ƙwarai, don illar ba ta nuna kanta sai bayan shekaru.

Ko an yi komai daidai, kiliya tana da ciwonta. In tsakuwa ta fasa ta, tsatsa takan shiga ta riƙa tafiya a ƙarƙashi kamar zare, kana kallonta ba ka iya kai hannu. Shi ya sa kiliya ba hutu ba ce, tana dai tsawaita lokaci tsakanin aiki da aiki.

Ruwan siramik da ake talla yanzu kaurinsa bai wuce mikiron ɗaya ko biyu ba (mikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali fentin mota daga masana'anta yana haura mikiron 100. Yana da amfani a kan kiliya ko a kan alminiyam, amma shi kaɗai ba ya riƙe baƙin ƙarfe. Garin fenti garai-garai da ake gasawa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 yana da ƙarfi, ya dace da ƙananan kaya kamar bamba da rim, sai dai samun tandar da za ta ɗauki jikin mota guda ba abu ne mai sauƙi ba.

To wacce za ka ɗauka? In motar a gareji take kwana, ba ta fita sai ranar da sama ta yi garau, kuma kana jin daɗin zama da tsumma a hannu, ka goge ta madubi ka sa kaki. In za ka riƙa hawanta a titi, ka haƙura da madubi, ka tsaya a lamba 400 ka fesa kiliyar ƙarfe. In kuwa a waje za ta kwana damina da rani, ko a gari mai iskar teku, gaskiya ita ce ka yi mata fenti. Akwai fenti mai launin azurfa da ke kusa da kamannin gogaggen ƙarfe, kuma ya fi ka ga aikin wata uku ya yi ja a damina ɗaya.

Mataki na takwas: gwada kafin ka amince

Ka samo tsohuwar ƙofa ko falle daga masu kayan gwangwan, ka goge ta daidai yadda za ka yi wa motar, ka raba ta gida uku ko huɗu, kowane gida da irin rufinsa. Bayan kiliya ta bushe sosai, ka tsaga ta da reza gida-gida ƙanana, ka manna salatif mai ƙarfi ka fizge. In gidajen suka biyo salatif, ba ta kama ba. Sannan ka jingine fallen a waje, kana yayyafa masa ruwan gishiri lokaci-lokaci, ka ga wanda zai fara bari. Makonni kaɗan za su gaya maka abin da rubutun jikin gwangwani ba zai faɗa ba, musamman da yake jabun kaya sun yi yawa a kasuwa.

Zaman yau da kullum

Inda mota ke kwana ya fi abin da aka shafa mata tasiri. A ajiye ta a kan siminti, ba a kan ƙasa ko ciyawa ba, a ɗakin da iska ke zagayawa. Tamfol na roba yana tara gumi a ƙasa, ya fi barinta a buɗe illa. A lulluɓe da yadin auduga mai tsabta, kuma sai ta bushe ta huce.

Motar da aka shafa wa mai ko kaki ba a yi mata wankan tiyo. A kaɗe ƙura da iska ko tsumma mai laushi ba tare da dannawa ba, a goge da ɗan mai, a sabunta kaki. In ruwan sama ya same ta a hanya, a tsane ta da an iso gida, a busa iska a haɗe-haɗe da kewayen fitilu da hannun ƙofa, a sake shafawa a daren. Alamar da za ka riƙa dubawa mai sauƙi ce: ɗiga ruwa a ɓoyayyen wuri, in ya dunƙule ya gangara kariya na nan, in ya baje ya kwanta lokacin sabuntawa ya yi. Da damina wannan na iya zama kowane mako ko biyu, da rani ya fi haka nisa.

Motar kiliya ana wanke ta da sabulun mota mara kaifi. Garin sabulun wanki da wasu masu wankin mota ke zubawa a bokiti yana cire kaki, yana kuma ɓata alminiyam. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri in ya bushe a jiki yana barin tabo, don haka a tsane da tsumma. Kashin tsuntsu da na jemage a cire su nan take. Mutane kuma za su taɓa, babba da yaro, don ƙyalli yana jan hannu. Ka ajiye tsumma da ɗan kaki a cikin motar, ka goge sawun yatsu kafin ka kwanta.

Abu biyu na titi: fuskar madubi tana haska idon direbobin da ke tahowa in rana ta faɗa mata, bonet kuma yana haska naka, shi ma dalili ne na barin saman mota da sheƙi mai laushi. Sannan launin mota yana rubuce a takardunta, in ka canja shi ka je a gyara.

In tsatsa ta ɓullo

Za ta ɓullo, abin da ake so shi ne a kama ta tana rawaya-rawaya a sama. A motar mai ko kaki gyaran mintuna ne: soson nailan mai laushi da ɗan mai, a bi layin gugar kada a yi zagaye, ko man goge ƙarfe irin Autosol in fuskar madubi ce, a tsabtace, a mayar da rufi. In wuri ɗaya yana yawan dawowa, matsalar ba a fuska take ba, ka duba bayansa ko haɗin da ke kusa, akwai ruwan da ke kwana a can.

A motar kiliya ka riƙa duba hancin bonet da gefen ƙofofi da bayan tayoyi kowane mako. Ƙaramin fashi a tsabtace shi da asiton a ɗiga masa kiliya da bakin tsinke a ranar da aka gan shi. In zaren tsatsa ya riga ya fara tafiya a ƙasa, ɗigo ba zai yi ba. Sai a cire kiliyar har a wuce ƙarshen zaren da kamar faɗin yatsu biyu, a goge ƙarfen da lambar samfefar da aka yi aikin farko da ita, a kan layi ɗaya. Da yake faci yana nunawa a kan ƙarfe fiye da yadda yake nunawa a kan fenti, yawanci sai an sake fesa ɓangaren gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, don haka ka rubuta lambar samfefa da sunan kiliya da awon haɗin da ka yi amfani da su, ka ajiye tare da takardun motar.